Baƙin Allon da Ba Ya Amsa Sallama

Idan ka tambayi mutanen Gidan Dahala wace ce Wasila, za su ce maka ai ɗiyar Malam Jalaluddeen ce, wadda aka samar wa aikin koyarwa ta ƙi, ta zaɓi hawa keke napep kullum zuwa Kwalkwalawa tana buga kwamfuta a cikin manoma. Idan kuwa manoman ka tambaya, ba ruwansu da ɗiyar wane ce, su “mai takardar ruwa” suka sani. Ita dai sunan na biyu ya fi yi mata daɗi, sai dai ko da wasa ba za ta faɗa a gaban mahaifinta ba.

A gidan karatu ta tashi. Tun tana ƙarama take laɓewa a bakin zaure tana kallon yadda Malam yake karɓar hadda. Zai zauna a kan buzu ya lumshe ido, ɗalibi yana ta karantowa, shi kuwa ko uffan. Sai ɗalibin ya yi tuntuɓe, sannan Malam ya jefa masa kalma guda, wadda yake nema ɗin, ya koma ya yi shiru. Wasila ba ta gaji haƙurinsa ba, wannan kowa ya shaida. Naci ta gada, irin wanda idan ta kafe a kan abu, gara ka ba ta hanya ka huta.

Lissafi ta karanta a jami'a. Bayan bautar ƙasa ta yi shekara uku a wani shagon buga takardu a Kwalkwalawa, tana buga wa ɗalibai kundin kammala karatu, wasu da rubutun hannun da ko mai shi sai ya yi da gaske zai karanta. Tsakanin mai zuwa da mai tafiya ta koya wa kanta rubuta manhaja, daga littattafan da ɗaliban suke mantawa a shagon. Ta auri Abdulshakur, mai walda a Tudun Wada, mutum mai sanyin hali wanda ya gane tun makon farko cewa gardama da Wasila ɓata yawu ne. Shekara tara suka yi babu haihuwa. Ta sha magana, ta sha jiƙe-jiƙe, ta sha zaryar asibiti, har ta daina amsa wa masu tambaya.

A cikin waɗannan shekarun ne wata ƙungiyar manoman rani ta bakin gulbi ta ɗauke ta aiki. Ƙungiyar tana da injin ban ruwa goma sha ɗaya na haɗin gwiwa, kowane da magudanarsa, kuma ruwan ba ya isa kowa a rana guda, dole a bi layi. A da rabon baki ake yi, mai kula da inji ya tsaya ya ce wane yau, wane gobe. To, wa zai dubi idon mai unguwa ya ce masa gobe? Wa zai ce wa surukinsa jibi? Waɗanda gonarsu take ƙarshen magudana, kuma ba su da mai tsaya musu, su ne kullum ake ba haƙuri. Cikinsu har da Inna Tani, ƙanwar mahaifiyar Wasila, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gonar shinkafa can ƙarshen magudanar inji na tara. Da wannan gonar take ci shekara.

Wasila ta zauna ta rubuta manhaja ta sa mata suna rabo. Aikinta ɗaya ne: ta duba rajistar manoma, ta ga girman gonar kowa, da wanda ya samu ruwa a makon jiya da wanda ya rasa, ta fitar da jerin wa zai sha yaushe. Ba ta san mai unguwa ba, ba ta da suruki. Kowace Juma'a da safe sai a buga takardar, a manna a ƙofar masallaci kafin a taru, kowa ya duba ranarsa. Kwamfutar ofishin wata tsohuwar tafi-da-gidanka ce da wasu masu aikin tallafi suka bari, ba ta iya ɗaukar komai mai hoto. Saboda haka rabo ba ta da ado ko kaɗan. Baƙin allo ne da ɗan farin layi yana ƙiftawa, ka rubuta umarni, ka danna maɓallin enta, ka jira.

Kuma jira kam za ka yi shi. Minti goma sha ɗaya cur take ɗauka kafin ta ce komai, batirin kuwa idan sola ba ta ja ba, da ƙyar yake kai kwatan awa. Umarnin kansa kalmomin Turanci ne tara, da 'yan sanduna da lambobi a tsakani, ka kuskure ɗaya ta watso maka layi ashirin na Turancin da ko Bature sai ya sa tabarau. Wasila ba ta taɓa ganin aibin haka ba, tunda ita kaɗai take taɓa ta. Takan danna enta ta tafi ta yi walha, ta dawo ta tarar an gama.

Sai ga shi a shekara ta tara Allah ya dube ta. Ciki ya zauna, ya girma, har ya shiga wata na takwas daidai lokacin da zafin Sakkwato ya fara cin mutum ta tafin ƙafa, lokacin da shinkafa ba ta jure kwana biyar babu ruwa. Mahaifiyarta, Hajiya Habiba, ta riga ta yanke hukunci: da watan haihuwa ya kama za ta zo ta ɗauki ɗiyarta zuwa Gidan Dahala, kuma ba mai ganin ƙeyarta a waje sai an yi arba'in. Ba a yi wa Hajiya musu a kan wannan, balle a kan cikin da aka jira shekara tara.

Wanda zai riƙe ofis shi ne Malam Maigandi, magatakardan ƙungiya, dattijo ɗan shekara sittin da bakwai wanda ya san kowace gona da mai ita har kakansa. Ya taɓa zama ɗalibin Malam Jalaluddeen a ƙuruciyarsa, shi ya sa ba ya kiran Wasila da sunanta, sai dai “ɗiyar Malam”, ita kuma ta ce masa Baffa. Ta rubuta masa umarnin a takarda da manyan baƙaƙe, ta nuna masa sau biyu, ta ce ya gane? Ya ce, “Madalla, ya yi.” Ita kuma, da wayonta duka, ta yarda.

Wata Juma'a ta tafi awo asibiti ta bar masa. Ranar ba a manna komai a ƙofar masallaci ba. Da ta zo Asabar ta buɗe kwamfutar, sai ta tarar rajistar ta lalace, rabi akwai rabi babu, sai da ta kwana biyu tana gyara ta daga tsofaffin takardu. A wannan makon rabon baki aka yi, kuma ba sai an gaya maka wa ya sha wa ya rasa ba. Gonar Inna Tani ta yi kwana tara ba ɗigo, gefen fangalin ya tsattsage, ganyen ya fara ja daga baki. Inna Tani ba ta zo ta yi ƙorafi ba. Da a ce ta zo ta zazzage ta da faɗa, da ya fi wa Wasila sauƙi.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Tambari, shi ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba.

“Malama Wasila, ni ba ni son hitina. Jiya saura kaɗan a ba hamata iska bakin inji na huɗu. Na ji an ce za ki yi tahiya. To, in Jumma'a guda ta ƙara wucewa babu takarda, mun ruhe na'urar ga, mu koma yadda munka saba. Aƙalla wancan mun san kanshi.”

“Ba za ta wuce ba, Alhaji.”

“Allah shi sa,” in ji shi, da muryar wanda ba zai yi baƙin ciki ba idan Allah bai sa ba. Gonarsa tana bakin inji na ɗaya.

Mako uku suka rage mata. Ta san idan aka rufe kwamfutar nan sau ɗaya, ba za a sake buɗe ta bana ba, kuma shinkafar Inna Tani ba za ta kai girbi ba.

Ta tambayi Malam Maigandi me ya faru ranar Juma'ar da ta bar masa. Ya ce, “Ba komi, ɗiyar Malam, na'ura ce ta ƙi.” Ta sake tambaya ta wata hanyar, ya sake ba ta amsar nan. Nan ta gane ko za su kwana a haka, dattijon nan ba zai taɓa buɗe baki ya ce wa ɗiyar malaminsa aikinta yana da wuya ba. Sai ta daina tambaya. Ta ajiye masa kwamfutar a kan tebur, ta ja kujera ta zauna a bayansa, ta ce ya yi kamar ba ta nan. Ta rantse a ranta ko allon zai kama da wuta ba za ta ce uffan ba.

Ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya ɗauko takardar. Da yatsa ɗaya yake bugawa, ya duba takarda, ya nemo harafi, ya danna, ya sake dubawa. Kalmomin nan tara sai da suka ci masa minti huɗu, Wasila tana cizon leɓe. Ya danna enta. Allo ya yi shiru. Ya naɗe hannu ya jira kamar minti biyu, sannan ya yi gyaran murya ya sake buga umarnin tun daga farko. Shiru. Ya buga na uku. Da na ukun ma ya wuce ba labari, sai ya sa babban yatsa ya danne maɓallin kashewa har fitilar ta mutu, ya rufe marfin a hankali, ya miƙe tsaye.

“Baffa!” Rantsuwar ta karye. “Don me ka kashe? Ai tana cikin aiki!”

Ya juyo yana mamakin mamakinta. “Ɗiyar Malam, sau uku ni yi sallama ba a amsa ba. Mutum ba shi tsayuwa ƙohwar gidan da ba a amsa mai ba. Sai shi tahi, shi dawo wani lokaci.”

Mutumin nan bai yi wauta ba, tarbiyyar da aka yi masa ya bi, kuma a zauren gidansu aka yi masa ita. Manhajar ce marar ladabi, wadda za a yi wa magana ta share mutum minti goma sha ɗaya. Kuma da yake tana rubutu a cikin rajista tun daga farkon aikinta har ƙarshe, duk wanda ya kashe ta a tsakiya ya yaga rajistar biyu. Kunya ta kama Wasila har cikin ƙashi, kunyar kuma ta juye ta zama haushi, haushin kanta.

Washegari ta fara da matsalar jinkirin, don ta san ko me za ta sa allon ya faɗa, ba mai zama minti goma sha ɗaya yana kallon baƙin gilashi. Ba ta tsaya yin hasashe ba. Ta saka agogo a cikin manhajar, kowane sashe ya faɗi lokacin da ya ci. Da sakamakon ya fito sai da ta ce, “Kai! Wa ya rubuta wannan shirmen?” Ita ce. Shekara biyar da suka wuce, lokacin manoman ba su fi sittin ba, ta tsara cewa a kan kowane manomi sai an buɗe rajista, a karanto tun daga sama har a kai ga sunansa, a rubuta, a rufe. Yanzu manoma ɗari bakwai da arba'in ne. Kamar dai matar da za ta yi tuwon biki tana zuwa rijiya da ludayi. Ta gyara ya zama sau ɗaya ake karanta rajistar, a riƙe ta, a yi duk aikin, sannan a rubuta sau ɗaya a ƙarshe. Minti goma sha ɗaya ya koma sakan arba'in.

Wani zai ce ya isa. Wasila ta ce bai isa ba, sakan arba'in ya ishi Baffa yin sallama biyu. Ta sake duba agogon, ta ga manhajar tana gwada kowane manomi da kowane manomi, har da waɗanda ba inji ɗaya suke sha ba. Me ya haɗa na inji na biyu da na inji na goma? Ta raba su, kowane inji da mutanensa. Ta yi kwana uku a kan wannan, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, tana zaune ta ɗora su a kan bokitin da ta kifa, fanka tana kaɗa iska mai zafi. Rana ta huɗu ta danna enta, kafin ta ɗauki kofin ruwa an gama. Sakan huɗu.

Ta buga takardar ta miƙa wa Malam Maigandi tana wani ɗage kai. Ya sa tabarau, ya bi jerin da yatsa, inji bayan inji. A na shida ya tsaya.

“Ina Ubaidullahi Hayatu?”

“Ga shi nan, Baffa, ranar Talata.”

“Wanga dogon ne. Ina ɗayan, na Bara'atu? Su biyu na, kuma duk inji guda su ka sha.”

Wasila ta koma kan kwamfutar ta duba. Garin neman sauri ta sa manhajar ta riƙa gane mutum da sunansa, sai ta haɗe masu suna ɗaya ta mai da su mutum guda. Da suka bi jerin tare, mutum goma sha tara ta haɗiye haka. A garin da gida ɗaya za ka samu Umar Faruk uku! Da takardar nan ta kai ƙofar masallaci, da ba sai Alhaji Tambari ya wahalar da kansa ba. Ta mai da ganewa da lambar katin ƙungiya, sannan ta ɗauko bayanan mako takwas da suka wuce, ta ba tsohuwar manhajar da sabuwar, ta gwada abin da suka fitar layi da layi. Kowane gwaji sai ta zauna ta jira tsohuwar ta gama mintinta goma sha ɗaya. Sai da takwas ɗin suka zo daidai ta yarda. Daga ranar kuma ta daina miƙa wa Baffa takarda tana ɗage kai.

Mako na biyu na koya wa allon magana ne. Ta fara tunanin sa shi ya amsa sallama sosai, sai ta tuna fuskar da mahaifinta zai yi idan ya ji an sa na'ura wasa da sallama, ta fasa. Abin da ta sa shi ne, da an danna enta, kafin ƙiftawar ido, ya rubuto: “Na ji. Ina karanta rajista.” Sannan ya riƙa faɗa, inji na ɗaya an gama, inji na biyu an gama, har na goma sha ɗaya. Kalmomin nan tara ta share su, ta bar guda ɗaya, rabo. Sauran abin da take buƙata, manhajar ce za ta tambaya da Hausa, ɗaya bayan ɗaya: “Akwai injin da ya lalace a wannan mako?” “Wa bai samu ruwansa ba? Rubuta lambar katinsa.” Idan ya buga lamba, sai ta nuna masa sunan da ƙauyen ta ce, “Shi ne?”

Sai kuma kurakurai. Nan ta tuna da zauren gidansu. Ta bi duk inda manhajar take watso layi ashirin na Turanci, ta mai da shi layi guda, wanda zai gaya wa mutum abin da zai yi yanzu, ba tarihin abin da ya lalace ba. “Firinta ba ta haɗe ba. Duba wayarta, ka sake rubuta rabo.” “Babu wannan lambar a rajista. Sake duba katin.” Kullum da hantsi takan zaunar da Malam Maigandi ta koma bayansa ta yi shiru da biro a hannu. Duk inda yatsansa ya tsaya yana shawagi, ta rubuta. Ba ta gyara masa, allon take gyarawa. Shi kuma kullum idan ya tashi sai ya ce, “Madalla, ya yi,” ita kuma ta ce a ranta, ai na daina sayen wannan.

Na ƙarshe shi ne rajista. Ta tsara cewa manhajar ba za ta ƙara taɓa ta asali ba sai ta gama rubuta sabuwa a gefe, cikakkiya, sannan ta musanya su a take. Don ta tabbatar, ta cire batirin, ta sa aiki, tana tsakiya ta fizge wayar wuta. Malam Maigandi ya dafe ƙirji ya yi salati. Ta kunna, rajista tana nan lafiya lau. Ta sake fizgewa. Sau goma sha biyu ta yi, har dattijon ya fita waje ya zauna ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ya ce shi ba zai iya kallon wannan ta'asar ba.

Juma'ar da ta biyo ya yi kusan komai da kansa. Wuri ɗaya ya maƙale: an tambaye shi injin da ya lalace, ya rubuta “bakwai” da baƙaƙe, manhajar kuwa lamba take jira. Ya juyo ya dube ta, ita kuma da ta ga rana tana ɗagawa, ta miƙa hannu ta danna masa. Takarda ta fita, amma Wasila ba ta ji daɗi ba, don ta san da hannunta a ciki. Ta gyara ya zama ko lamba ko kalma duk ɗaya ne, ta ce Juma'a mai zuwa za ta zauna a waje ta juya wa ofis baya, ya yi shi kaɗai tun daga bisimilla har mannawa.

Wannan Juma'ar ba ta same ta a Kwalkwalawa ba. Ranar Laraba a wurin awo aka ce jininta ya hau, a kwantar da ita, kada a bari komai ya tayar mata da hankali. Alhamis da safe Hajiya Habiba ta iso Tudun Wada da mota. Da ƙyar Wasila ta roƙi a biya da ita ofis ta ajiye makulli. Ta miƙa wa Malam Maigandi ta ce, “Baffa, tafiyar ta matso.” Ba a faɗin irin wannan tafiyar da sunanta a gaban dattijo. Ya karɓa da hannu biyu, ya dubi ƙasa ya ce, “Allah shi raba lahiya, ɗiyar Malam.” Tana so ta ce masa kada ya kashe, ya karanta abin da allon ya ce, idan ya rikice ya kira ta. Hajiya ta sa direba ya danna ham.

Suna isa Gidan Dahala Hajiya ta karɓe wayarta ta kulle a akwati. Juma'a ta zo, Wasila tana kwance tana jin kiran salla, tana lissafin yanzu ya kunna, yanzu ya buga, yanzu ya kamata a ce an manna. Ta tambayi Hajiya, ta ce komai lafiya. Ta tambayi Abdulshakur da ya leƙo gaisuwa, shi ma da aka riga aka ja masa kunne ya ce komai lafiya, ta kwantar da hankalinta. Wallahi ta tsani wannan kalmar a makon nan. Ta san ko gulbin ne ya ƙafe abin da za su ce mata ke nan.

Ranar Litinin ta haihu, mace, lafiyayya. Gida ya cika da 'yan barka, dangi na kusa da na nesa, har waɗanda suka shekara tara suna yi mata habaici. Wasila ta yi murna irin wadda ba ta san akwai ta ba, amma duk wadda ta ɗaga labule sai ta duba ko Inna Tani ce. Talata ba ta zo ba, Laraba ba ta zo ba. Wata Juma'ar ta wuce. Inna Tani da ko ciwon kai Wasila ta yi sai ta hawo mota ta zo, a ce ta haihu kwana biyar ba ta tako ba? Amsa ɗaya Wasila ta iya ba kanta: takarda ba ta fita ba, an rufe kwamfuta, gonar ta ƙone, kuma Inna ba ta iya haɗa ido da ita. Ta riƙa kallon jaririyar tana murmushi, hankalinta kuwa yana can kan gonar.

Ranar suna da asuba aka raɗa wa yarinya Khaula. Da hantsi, mata ba su fara taruwa ba tukuna, ana ta hidimar tukwane a tsakar gida, sai Wasila ta jiyo muryar Hajiya ta tashi.

“Tani! Sai yau? Kwana bakwai, Tani! Kuma dubi ƙahwahunki, haka za ki shigo man ɗaki?”

Labule ya ɗaga. Inna Tani ce, mayafi a karkace, taɓo ya bushe mata har ƙwauri. Ta wuce Hajiya kamar ba da ita ake ba, ta durƙusa ta karɓi jaririyar, ta tofa mata addu'a, ta daɗe tana kallon fuskarta.

“Yaya, ki yi haƙuri,” ta ce ba tare da ta ɗago ba. “Mi zan yi? Laraba ruwana, Asabar ruwana, kuma shinkahwa ta hwara hidda kai, ba ni barin ta hannun kowa. Yau ma bayan azahar ruwana na. Ba ni zama.”

Wasila ta yunƙura ta tashi zaune.

“Inna, takarda ta fito?”

Inna Tani ta dube ta kamar ta yi tambayar yara. “Wace Jumma'a ta ba ta hito ba? Maigandi tun da hantsi shi ka manna ta. Yanzu har tsayuwa shi kai gehenta yana karanta ma mutane, awa shi ya ƙera na'urar.”

Ta miƙa jaririyar, ta kwance bakin zane ta ajiye ɗan ƙullin sabulu a kan gado, ta gyara mayafi. Hajiya ta biyo ta har tsakar gida tana cewa ko tuwon suna ba za ta tsaya ci ba, wannan wane irin wulaƙanci ne a gaban surukai. Inna Tani ta ce a ajiye mata, idan ta gama ban ruwa da wuri ta dawo, idan ba ta gama ba a ba wani. Ta fice tana sauri don kada motar Kwalkwalawa ta cika.

Hajiya ta dawo ɗakin tana huci, ta buɗe baki za ta kai ƙarar ƙanwarta, sai ta tsaya. Wasila ta rungume Khaula ta juya fuska ga bango, kafaɗunta suna rawa, tana kukan da ko a ɗakin haihuwa ba ta yi ba.